Man Kaɗen Dada a Daminar Yawunde

Bana azumi ya zagayo ya dawo daidai inda na fara saninsa a Yawunde, wato bakin damina, lokacin da sama ke wuni tana haɗa hadari ba ta zubar ba, gari ya yi ɗumi kamar an rufe tukunya. Shekara talatin da 'yan kai ke nan.

'Yata Nafisa tana da ɗan shagon kayan shafa a bakin titi, nan cikin Briqueterie, unguwar da mu muke kira Birik. Da la'asar nakan je na zauna mata don na rage tsawon wuni. Shekaranjiya wata yarinya ta shigo, lallen aure bai gama fita daga hannunta ba, Hausarta da ɗanɗanon Fulatanci. Ta miƙo waya tana nuna hoton wani mai mai kauri, wanda wata mata ke talla daga wata ƙasa mai dusar ƙanƙara. Nafisa ta juya za ta ɗauko, sai na ce, "'Yata, daga ina aka kawo ki?"

Ta ce, "Daga Marwa, Hajiya."

"A ina kike wuni?"

Nafisa ta ce, "Shi ke nan, Mama ta fara." Kullum dariya take mini, wai ni ce mai shagon da ke yi wa mai saye tambayoyi kamar likita.

Yarinyar ta ce surukarta na da gidan abinci, ita ce a gaban murhu tun safe. Sai dariya ta ƙwace mini, har ta tsargu. Na ce da Nafisa ta ba ta mai ruwa-ruwa marar nauyi, ƙaramar kwalba, ta fara gwadawa tukuna. Sannan na jawo mata kujera na ba ta labarina a gurguje, don tana sauri. A nan kuwa babu mai saurin zuwa ko'ina.

Ni 'yar Garwa ce. A can maigidana ya gan ni lokacin da yake zuwa sarin yadi, don shi tela ne, haifaffen Birik. Da za a kawo ni, mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta ware ni gefe ta ba ni wata ƙwarya mai murfi, cike da man kaɗe. Da hannunta ta yi shi, tun daga tsintar ƙwara har tacewa, ta dafa shi da kanumfari. Ta ce, "Safe da yamma, tun daga goshi har tafin ƙafa. Kada na ji an ce 'yata ta je kudu ta yi furu-furu."

A Garwa maganarta gaskiya ce. Zafin can busasshe ne. Zufa kan bushe tun ba ki san ta fito ba, leɓe ya tsage, dunduniya ta dare. Idan kika shafa mai, kafin ki ɗaura zani fata ta shanye. Duk abin da ya samu jikinmu muna yara, ƙonuwa ce, cizon ƙwaro ne, targaɗe ne, Dada man kaɗe take ɗaukowa, kuma muna warkewa.

Muka shiga jirgin ƙasa daga Ngaundere. Da gari ya waye na leƙa taga, ban taɓa ganin kore irin wannan ba, itace kan itace, babu ko tazarar da ido zai huta. Yawunde kuwa duk tudu ce da gangare. Gidan surukata, Inna, yana kan wani gangare, ɗakuna kewaye da tsakar gida, rufin kwano ya yi tsatsa. Ita da autarta Balki da mu, mu ke nan a gidan. Balki sa'ata ce, bakinta ba ya shiru, kuma tun ranar farko ta ɗauke ni abokiyar wasa.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. An rage wa ma'aikata albashi, kuma ma'aikatan unguwar Cité Verte da ke kawo wa maigida ɗinki suka ɗauke ƙafa. Keken ɗinkin da aka ce da ba ya hutawa ko ranar Juma'a, sai ya wuni a rufe da ƙyalle. Nama ya koma sai ranar da aka yi baƙo. Na koyi cin rogon nan da ake naɗewa a ganye, na koyi miyar ganyen rogo, na koyi cewa na ƙoshi alhali ban ƙoshi ba. Famfon unguwa ma yakan yi kwanaki a bushe. Ana gobe za a ɗauki azumi Inna ta tara mu ta ce, "Bana ba za mu zauna muna kallon juna ba. Ƙosai da kunu za mu yi na buɗa baki. Ko ba a sayi komai ba a garin nan, ai za a sayi abin shan ruwa."

Aka gwada hannun kowa. Ƙosaina ne ya tashi, ya yi kumburi, cikinsa laushi kamar auduga. Inna ta gutsura, sai ta tura mini kaskon. Yabonta ke nan, domin ni matar ɗanta na fari ce, akwai kunya tsakaninmu. Ko sunana ba ta kira, sai dai "'yar nan".

Ga yadda wuninmu yake. Bayan sallar asuba a jiƙa wake. Da hantsi ni da Balki mu durƙusa mu murje shi, mu yi ta wankewa har ɓawon ya taso sama. Idan akwai wuta, Balki ta kai injin niƙa. Idan an ɗauke, sai turmi, mu biyu muna kirɓawa, Inna na zaune tana tsince attarugu da albasa tana gyara mana kari. Da azahar a dama kunun gyaɗa da tsamiya, a rufe shi da tsohon bargo don kada ya huce. Itace ya yi tsada, don haka garin katako muke roƙowa wajen kafintoci, mu danƙara a cikin tsohuwar garwa, mu bar rami a tsakiya. Wutarsa ba ta da harshe sosai, amma zafinta har ƙashi. Da an yi la'asar sai na buga ƙullu na zauna a ƙofar gida, ba na tashi sai an kira magariba.

Yunwar azumi daban, yunwar mai suya daban. Ƙamshin yana shiga hancinki, ƙosai yana juyawa a mai ja-ja-wur, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ke kuwa aikinki ki tsame ki miƙa wa wani. Amma akwai daɗi. Layi yakan miƙe har bakin kwata: masu tsire kafin su hura tasu wutar, direbobin taksi, teloli, har maƙwabtanmu da ba sa azumi. Balki na zuba kunu tana tsokanar kowa da Faransanci da Hausa da Fulatanci a haɗe. Da an kira salla, ruwan farko da ke sauka a cikina nakan ji tafiyarsa har yatsun ƙafa.

Duk wannan, ban taɓa saɓa wa Dada ba. Safe da yamma, goshi har tafin ƙafa. Abin da na lura kawai shi ne man ba ya shiga. Iskar garin a jiƙe take, wankin da aka shanya da safe har yamma da danshinsa, takalman fatar da na zo da su sun yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Man yakan zauna a kan fata, zufa ta taso daga ƙarƙashinsa, hayaƙi ya zo ya manne a kai. Ga ni kuma amarya, ba na yarda na fita sai cikin leshin lefena mai santsi, wanda iska ba ta ratsawa.

Balki ta dube ni wata rana ta ce, "Matar Yaya, kada ki damu idan mai ya ƙare a kasko. Goshinki za mu kankare, ya ishe mu har Salla."

Na yi dariya, na jefe ta da ɓawon albasa. Ban daɗe ina dariyar ba. Ƙuraje suka fara fitowa ƙanana-ƙanana, jajaye, a wuya, a lanƙwasar hannu, a ƙarƙashin ɗankwali. Idan na matsa kusa da wuta sai na ji kamar ana soka mini allurai. Ni kuwa magani ɗaya na sani a duniya. Sai na ƙara yawan shafawa. Ƙurajen suka ƙaru, na ƙara man. Kafin a shiga goman tsakiya sun gangaro har wuyan hannu, inda ba a iya ɓoyewa.

Ina ƙoƙarin daurewa, amma ƙaiƙayi ba ya jin kunya. Wata la'asar na kai bayan hannu na sosa wuyana, sai na ji wata mata a layi, Ta-Sallah mai wankau, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Anya ba ƙazuwa ba ce?" Ta mayar da kwanonta cikin mayafi ta juya. Biyu suka bi ta.

A Birik magana ba ta bukatar mota. Washegari layin ya ragu, jibi ya zama 'yan tsiraru. Ranar da ba zan manta ba, aka kira salla faranti na cike, ƙosai ya huce yana kallona. Shi muka ci a buɗa baki, shi muka ci a sahur, muka rarraba saura wa maƙwabta, wasu ma na san ba su ci ba. Waken da aka yi shi da shi kuwa shi ne jarinmu gaba ɗaya. Na shiga ɗaki na zauna bayan ƙofa na yi kuka. Abin da ke raina shi ne, gidan nan hanyar abinci ɗaya ta rage musu, ni baƙuwa na zo na toshe ta. Maigida ya shigo ya same ni, sai ya ɗauki mafici yana yi mini fifita a wuya yana cewa, "Ki yi haƙuri, Allah zai kawo sauƙi."

Da safe ina tsugune gaban waken da ban san ko za a saya ba, sai Inna ta ce, "'Yar nan, zo nan." Ta kai ni inda haske yake, ta ɗaga haɓata, ta duba wuyana, ta buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Tunda na zo gidan ba ta taɓa taɓa jikina ba.

"Me kike shafawa?"

Na ɗauko ƙwaryar. Ta buɗe ta shinshina, ta ɗan lakata ta murza a yatsa. Ta ce, "Kai! Rabona da ganin man kaɗe mai kyau haka tun ina yarinya. Wa ya yi?"

Na ce, "Dada ce."

"Allah ya yi wa hannunta albarka. Yaya kike shafa shi?"

Na faɗa mata. Ta riƙe baki. Balki da ke bayanmu ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Inna ta harare ta, amma ita ma kafaɗunta na rawa.

Ta ce, "'Yar nan, a garinku rana ce ke tsotse jiki, dole a mayar masa da mai. Nan kuwa iskar kanta ruwa ce. Kin lulluɓa bargo, kin ɗora leshi, kin zauna gaban wuta. Ta ina zufa za ta fita?"

Idona ya cika da hawaye. Na ce, "Inna, Dada ce ta ce safe da yamma."

Ta ce a hankali, "Da mahaifiyarki ta taɓa kwana ɗaya a garin nan, da ba haka ta ce ba. Ba wanda ya ce ki zubar. Dunduniya na so, gashi na so, hannu na so bayan wanki. Fuska da wuya ki sake su su sha iska." Ta miƙe ta ɗauki mayafinta. "Amma bakin mutane ba zai rufu da maganata ba. Tashi mu je asibiti."

Mu uku muka hau tudu zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Malamar da ta duba ni 'yar garin ce, mai fara'a, Balki ke fassara mini Faransancinta. Ita ma tsakanin yatsuna ta fara dubawa, ta tambayi aikina, ta taɓa leshina ta girgiza kai. Ta ce ƙurajen zafi ne, ba a ɗauka, ko jarirai suna yi. Ta ba ni wani farin ruwa mai kama da alli na riƙa ɗigawa, ta ce na yi wanka da sabulu marar ƙarfi, na sa tufafin auduga, na nisanci wuta har su kwanta.

A hanyar dawowa Inna, wadda ba ta cika tsayawa hira a titi ba, ta tsaya a kowace ƙofa. Ta gaishe da mai goro, ta gaishe da mai injin niƙa, ta gaishe da matan da ke jiran famfo, ko'ina kuma sai ta ce da ƙarfi, "Daga asibiti muke. Wai zafi ne kawai, 'yar arewa ce ba ta saba ba." Kafin mu iso gida labarin ya riga mu.

Ranar kuma keken ɗinki ya yi ƙara. Maigida ya zazzage buhun guntayen atamfa, ya harhaɗa mini riga mai faɗi, hannu ja, gaba shuɗi, baya ruwan ɗorawa. Balki ta ce na yi kama da tutar ƙasar da ba a ƙirƙira ba tukuna. Amma da na zura ta iska ta ratsa ni, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Washegari da azahar aka yi ruwan da ake ta jira. Sama ta yi baƙi ta wajen unguwar Etoudi, iska ta taso da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ɗigo ɗaya, biyu a kan kwano, sannan kamar an ɓalle. Ba a jin maganar na kusa. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, baho, tukunya, garwa, har butar alwala. Jan ruwa yana gudu a kwata yana jan ganyen mangwaro. Ina raɓe a bakin ƙofa sai Inna ta ɗaga murya ta ce, "Shiga ruwan, 'yar nan! Ki dai rufe bakinki, da azumi a bakinki!"

Na shiga tsakar gida na tsaya. Ruwan ya dake ni a ka, a wuya, a baya, mai sanyi kamar daga randa. Duk inda ke yi mini zugi sai ya yi shiru. Balki ta faɗo ta riƙe hannuna, muka yi ta tsalle muna dariya da baki a rufe, abin da ba shi da sauƙi ko kaɗan. Inna na zaune a inuwa tana cewa ba mu da hankali, ita kuwa ta miƙa ƙafafunta waje ruwa na wanke su.

Suya kuma ta koma hannun Balki. Allah ya ba Balki baki, bai ba ta hannu ba. Ƙosanta yakan baje a kasko kamar tafin hannu, waje baƙi, ciki ɗanye, ya sha mai har yana ɗiga. Mutane suka dawo saboda maganar Inna, suka tarar da wannan. Ina daga cikin zaure ina jin Baba mai goro, tsohon da bai taɓa fashin layinmu ba ko a ranakun da aka guje mu, yana cewa, "Balki, ki ji tsoron Allah. Mutum ya wuni da yunwa ki ba shi wannan? Ina amaryar?"

Balki ta ce, "Tana hutun likita, Baba. Ku da kuka ce tana da ƙazuwa, ga mai lafiya ta soya muku."

"Ni ban ce ba! Ku gaya mata unguwa na gaishe ta."

Ta-Sallah ma ta zo, amma ba da kwano ba. Da jaririyarta ta shigo, wuyan yarinyar jajir da irin ƙurajena. Ta yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi azumi, ta sake tambayar gajiya, sannan ta ce ko da sauran farin maganin nan. Na ce ta kai ta wajen malamar asibiti ta gani, na kuma rako ta har bakin titi. Da na ga hannayenta, duk sun tsattsage saboda sabulun wanki, sai na koma na lakato mata man Dada a murfin gwangwani. Tun daga ranar muka ƙulla, har ta rasu muna zumunci.

A goman ƙarshe na koma kan kasko. Kafin na zauna na watsa ruwa, fuska wayam, tsumma mai danshi a wuya, rigar guntaye a jiki. Bayan buɗa baki na sake watsawa, na ɗiga gilisarin kaɗan a tafin hannu na haɗa da ruwa na shafa. Shi ke nan kayan kwalliyata. Yau a shagon Nafisa akwai na safe, akwai na dare, akwai na mai maiƙon fuska, akwai na kare rana don 'yan matan da ke wuni a kan mashin, akwai na masu zama ofis cikin sanyin na'ura. Mu a lokacin sabulun salo ne da hoda da 'yar kwalbar gilisarin nan da Balki ke sayowa a kanti, muna raba ta mu biyu.

Layi ya dawo har ya wuce na da. Rigata kuma ta jawo abin da ba mu zata ba. Matan da ke suya da masu dafa abinci suka fara tambayar wa ya ɗinka, kafin jajibiri maigida ya rasa lokacin yi mini fifita. Muka sayi kaza ta Salla.

Ranar jajibiri da hantsi muna tsakar gida ana yi mini kitso, sai aka yi sallama. Kawu Sali ne, ƙanin Dada, wanda ke rako shanu daga arewa zuwa kasuwar Etoudi. Ya shigo yana nishi, da wani abu a kai naɗe cikin buhu. Bayan gaisuwa ya sauke ya kwance. Ƙwarya ce, ta ninka ta farko sau biyu, cike maƙil da man kaɗe.

Ya gyara murya ya ce, "Saƙon Dada. Ta ce labari ya iso mata wai jikinki ya lalace a kudu, ta kwana biyu ba ta runtsa ba. Ta ce ta san abin da ya faru, tsimi kike yi da man don kada ya ƙare. Ta ce ga shi nan, ki daina tausaya masa, ki shafa da kyau."

Balki ta tura ɗankwali a baki ta ruga bayan gida. Ni kuwa na rasa abin yi, dariya na taso mini, hawaye na taso mini, ga ƙamshin kanumfari ya cika tsakar gida kamar Dada ce ta shigo da kanta.

Inna ba ta ko murmusa ba. Ta sa hannu biyu ta karɓi ƙwaryar, ta ajiye a kan cinyarta. Sannan ta juya ni wajen haske, ta nuna wa Kawu wuyana, sumul, babu ko tabo.

Ta ce, "Malam Sali, ka gani da idonka. Idan ka koma ka ce da 'yar'uwata mun gode, 'yarta ta warke, kuma man nan babu abin da zai yi saura." Ta ɗaga murya wajen bayan gida. "Balki! Idan kin gama abin da kike yi, ki zagaya ki ce kowace mace a layin nan ta zo da ƙoƙonta. Gobe Salla, ban yarda na ga dunduniya ɗaya a tsage a filin idi ba."